Daga raƙumi zuwa Toyota: jagororin Tenere

Tun kafin Bature ya kafa tanti a kan yashin Tenere don nishaɗi, Abzinawa sun daɗe suna ratsa wannan hamada da ayarin raƙuma. Su tashi daga Agadas da gero, su komo daga Fashi da Balma da kantun gishiri da dabino. Madugu ne ya san rijiyoyi, ya san taurari, kuma wannan sanin ne jarin da sana'ar yawon buɗe ido ta gada.

Mota ta shigo da tata ɓarnar. A 1973 wani direban babbar mota ya banke bishiyar Tenere, wadda babu 'yar'uwarta a tazarar ɗaruruwan kilomita. Duk faɗin hamadar nan, sai ita ya gani! Gangar jikinta na gidan tarihi a Yamai, an kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Kasuwar yawon buɗe ido ta buɗe sosai bayan Thierry Sabine, Bafaranshen da ya taɓa ɓata a hamada bisa babur, ya ƙirƙiro tseren Paris-Dakar a ƙarshen 1978. Turawa suka ga tuddan yashi a talabijin, suka yi ta kwararowa. Mano Dayak, wanda filin jirgin saman Agadas ke ɗauke da sunansa yau, ya kafa kamfanin Temet Voyages, matasa makiyaya suka zama direbobi da masu dafa abinci. A wancan zamani, da hunturu ake tafiya. Idan yashi ya yi laushi, a rage iskar taya. Rana ta faɗi, a ya da zango a gindin tudu. Jagora ya kwaɓa fulawa, ya binne ta cikin yashi mai zafi ƙarƙashin garwashi, ya tono ta, ya karkaɗe, ga tagalla. Shayi kuwa zubi uku ne, kuma ba a gaggawa da shi.

Tawayen shekarun 1990 ya girgiza sana'ar, ta ɗan farfaɗo, sai na 2007 da sace-sacen Turawa suka durƙusar da ita. Direbobi da dama suka koma jigilar baƙin haure zuwa Libiya a kan hanyoyin da suka sani. Nijar ta haramta hakan da doka a 2015, gwamnatin soja ta soke dokar a Nuwamban 2023.