Daga Gaya zuwa Dala: Nazarin Salsala da Ƙaura

Duk mai bin salsalar kakansa daga ƙasar Gaya zai fara cin karo da labarin Abagayawa. Ruwayar baka ta ce wani maƙeri mai suna Kano ne ya baro Gaya yana neman tama, ya sauka a gindin Dala, kuma Abagayawa su ne maƙeran birni da ke danganta kansu da shi. Binciken tono ya gano matoyar ƙarfe a Dala da aka kiyasta shekarunta zuwa ƙarni na 7. Wannan ya tabbatar da daɗewar sana'ar a wurin, amma bai ba mu sunan mutum ko na ɗansa ba. Ruwaya irin wannan tana nuna hanyar da jama'a suka bi, ba ta gina jerin iyaye da kakanni.

Rubutacciyar hujja tana cikin Tarihin Kano na Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908. A zamanin Sarki Yakubu (1452–1463) littafin ya ambaci zuwan Agalfati, ɗan Sarkin Machina, wanda ya zama Sarkin Gaya. Ke nan Gaya kanta masauki ce ga masu tasowa daga gabas, kafin wasunsu su zarce Kano.

Abin da na fi ganin an yi sakaci da shi shi ne dangin uwa. Marubucin yakan ambaci mahaifiyar sarki, kuma ba a banza ba. A zamanin Sarki Dadi (1670–1703), Sarkin Gaya Farin Dutse ya yi tawaye, ya hana haraji, aka kashe shi. Shi ne mahaifin Mariyama, ita kuwa Mariyama ce ta haifi Muhammadu Sharefa wanda ya gaji Dadi, kuma a mulkinsa littafin ya ce mutanen Gaya sun yi ƙarfi a Kano. Aure ɗaya ya buɗe wa Gayawa ƙofar fada. Mai jera "wane ɗan wane" ta wajen uba kaɗai ba zai gane abin da ya kai kakansa birni a ƙarni na 18 ba.

Sai dai littafin na sarakuna ne, kuma ya ƙare da Sarki Muhammadu Bello a ƙarshen ƙarni na 19, nesa da Agalfati da shekaru fiye da 400. Manomin ƙasar Gaya ba ya ciki. Shi sawunsa yana cikin tsagar fuska, taken gida, sunan unguwa, da takardun rabon gado na alƙalai. Bayan zuwan Turawa a 1903 kuma akwai rahotannin haraji na gundumomi a Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna. Wajibi ne a gwama waɗannan da bakin tsofaffin mata, domin su suka fi riƙe wa ya auri wa, kuma daga wane gari aka kawo amarya.