Mainistir: Tarihin Wata Kalmar Aro a Harshen Ailan

Kalmar da mutanen Ailan suke kiran gidan zuhudu da ita ita ce mainistir. Aro ce daga monasterium ta Latin, wadda ita ma ta samo tushe daga monos ta Girkanci, wato kaɗaici. Sai dai duk wanda ya ɗauka cewa da wannan kalma aka fi kiran wuraren ibada tun zuwan Kiristanci ƙasar a ƙarni na 5, sunayen garuruwa za su ƙaryata shi.

Kalmar da ta mamaye taswirar Ailan ita ce cill, daga cella ta Latin, ma'ana ɗan ƙaramin ɗaki. Ita ce a Cill Dara da Cill Chainnigh, waɗanda Ingilishi ya mayar Kildare da Kilkenny. Ita ce kuma a Kiltegan, inda aka kafa ƙungiyar mishan ta Saint Patrick a 1932, wadda limamanta suka yi aiki a Kalaba da Ogoja. Akwai kuma díseart, daga desertum, wato hamada, alhali kuwa Ailan ƙasa ce mai yawan ruwan sama. Masu zuhudun suna koyi ne da magabatansu na hamadar Masar.

Mainistir tana cikin tsohon suna Mainistir Bhuithe, gidan da ake danganta shi da waliyyi Buite, amma ba ta bazu sosai ba sai daga ƙarni na 12, lokacin da ƙungiyoyin zuhudu na Turai suka shigo da manyan gine-ginen dutse. A 1142 aka kafa Mellifont, gidan farko na ƙungiyar Sistashiyan a ƙasar, har yau kuwa sunansa a harshen An Mhainistir Mhór, babban gidan zuhudu. Sarki Henry na 8 ya fara rufe irin waɗannan gidaje a ƙarshen shekarun 1530, amma sunan ya zauna, kamar a Mainistir Fhear Maí, wato Fermoy.

A nan ne mai tsara manhaja ya kamata ya yi hattara. Rubutun Ingilishi ya haɗe cill da coill, wadda ke nufin kurmi, ya mayar da su duka Kil. Saboda haka malamin da ya dogara ga taswirar Ingilishi kaɗai zai iya koyar da ɗalibansa cewa akwai coci a wurin da kurmi ne kawai.