Daga Madugu Zuwa Manhaja a Iyakar Jibiya

Tun kafin a san wata ƙasa mai suna Najeriya ko Nijar, hanyar da ta haɗa Kano da Katsina da Maraɗi hanyar fatake ce, kuma kowane ayari yana da madugu wanda ya san adadin fiton da za a biya a ƙofar kowane sarki da irin gaisuwar da ake yi a can. In sarki ya sauya ƙa'ida, madugu ne yake fara ji, ya daidaita ayarinsa. Da Turawan Ingila da na Faransa suka shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, Jibiya ta faɗa gefe guda, Ɗan Isa da Maraɗi suka faɗa ɗaya gefen, sai ɗan kasuwa ya wayi gari da hukumomi biyu, takardu biyu, harsuna biyu. Aikin madugu bai mutu ba, ya koma hannun masu fiton kaya, waɗanda suka iya bakin kwastan na nan da na duwan na can.

Zuwan kwamfuta bai rage wannan nauyi yadda aka zata ba. Ƙasashen biyu sun taɓa aiki da manhaja mai tushe ɗaya, wadda hukumar UNCTAD ta ƙirƙira, ASYCUDA a bakin masu Turanci, SYDONIA a bakin masu Faransanci. Najeriya ta bar ta zuwa NICIS, sannan NICIS II, a 2024 kuma ta fara B'Odogwu. Duk wanda ya san sha'anin manhaja ya san cewa idan babba ya sauya ƙofar da bayanai ke shiga da fita, tilas duk na ƙasa su sake gina nasu hanyoyin: banki, kamfanin sufuri, da mai fiton da ke cike takarda a Magamar Jibiya. Wanda bai shirya ba, motarsa ce za ta kwana a layi da tumatir ko albasa a ciki. Ra'ayina shi ne, kuɗin kowane sauyi daga aljihun ƙaramin ɗan kasuwa yake fita, alhali ba a tuntuɓarsa.

Wani zai ce sabon tsari yana toshe kafar cin hanci da fasa-ƙwauri, kuma akwai gaskiya a nan, domin abin da aka rubuta a kwamfuta ya fi wuyar ɓacewa. Sai dai fasa-ƙwauri yana ƙaruwa ne a duk lokacin da halastacciyar ƙofa ta yi wuyar shiga, kamar yadda aka gani bayan rufe iyaka a Agustan 2019, inda ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Wani kuma zai ce siyasa ce matsalar, tunda an sake rufe iyakar bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, kuma Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Wannan ma hujja ce a gare ni: tsarin SIGMAT da aka ƙaddamar a 2019 don kwastan na yankin su riƙa musayar bayanan kaya na ƙungiyar ne, saboda haka yanzu ana bukatar yarjejeniya kai tsaye tsakanin Abuja da Yamai.

Ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Jibiya. Kafin jirgin ya fara ɗaukar kaya, ya kamata hukumomin biyu su haɗa manhajojinsu, kuma duk ranar da za a sauya tsari, a ba masu fito wa'adi da horo cikin Hausa.