Garin Neman Gira: Tarihin Farin Haƙori

A yau idan aka tashi gyaran amarya har da haƙori ake haɗawa. Wata ta matse lemun tsami a kan bakin soda ta dirje, wata ta daka gawayi, mai hali kuma ta sayo man da aka ce zai mayar da haƙori fari tas cikin sati guda. To ki sani wannan neman ba yau aka fara shi ba, kuma tun da can abu ɗaya ne yake shan wahala, wato ɓawon haƙori.

Wannan ɓawo, wanda likitoci ke kira inamel, shi ne farin abin da ya lulluɓe haƙori. Duk jikin ɗan Adam babu abin da ya kai shi tauri, amma inda ya fi kauri bai wuce milimita 2.5 ba. Ba shi da rai kamar fata, saboda haka in ya zaizaye ba ya sake tsirowa. A ƙarƙashinsa kuwa akwai wani sashe mai ruwan ɗorawa, wanda yake da ƙananan hanyoyi zuwa jijiya.

Mutanen Rum, shekaru 2,000 da suka wuce, akwai masu kurkure baki da fitsari don haƙori ya yi haske. Ƙazanta ce, amma abin da ya zo daga baya ya fi ta ɓarna. A Turai wanzamai ne suke aikin haƙori a da. Sukan goge haƙori da magagari, sannan su shafa masa asid mai ƙarfi irin wanda maƙera suke gwada zinare da shi. Haƙori ya yi fari ƙal, mai shi ta tafi tana murna. Kafin wasu shekaru ɓawon ya cinye, haƙori ya ruɓe.

Kuma ba ko'ina ne fari yake ado ba. A Japan matan aure baƙi ƙirin suke rina haƙoransu da ruwan ƙarfe, har sai da hukuma ta fara hana al'adar a 1870. Mu ma nan ƙasar Hausa, kakanninmu fure suke gogawa, wato furen taba, su haɗa da goro, haƙori ya yi ja, kuma shi ne kwalliyar ƙasaita a lokacin. Kin ga ashe launin ado yayi ne.

Farantawa irin ta zamani ta kankama ne a 1989, lokacin da likitocin haƙori biyu a Amurka, Haywood da Heymann, suka bayyana hanyar zuba magani mai farokzaid a cikin roba, mutum ya kwana da ita a baki. A 2001 kamfanin da ke yin man Crest ya fito da 'yan ledoji masu magani da ake mannawa a haƙori, abu ya fita daga asibiti ya shiga kanti. A 2011 Tarayyar Turai ta kafa doka: abin da za a sayar wa kowa kada farokzaid ɗinsa ya wuce kashi 0.1 cikin 100, wanda ya haura haka har zuwa kashi 6 sai ta hannun likita, kuma ba a yi wa wanda bai kai shekara 18 ba.

Me ya sa aka sa wannan iyaka? Farokzaid ba kankarewa yake yi ba, ratsa ɓawon yake ya kashe launin da ke ciki. In an yi shi daidai, a hannun likita, yawu yakan gyara ɗan laushin da ya jawo. Amma in ana maimaitawa babu hutu, ɓawon yakan yi laushi da kaushi, dasashi ya ƙone, ruwan sanyi ya gagari mutum sha don zugi. Lemun tsami da gawayi kuwa aikin wanzaman Turai suke maimaitawa: tsamin ya narkar, garin ya kankare. Wannan mutuwar haƙori da kike ji bayan shan tsami, gargaɗi ne.

Abin takaicin shi ne, ɓawon na yin siriri sai ruwan ɗorawan da ke ƙasa ya bayyana. Mace ta ga haƙori ya ƙara rinewa, ta ƙara dirza, ya ƙara lalacewa. Garin neman gira an rasa ido.

Don haka 'yar'uwa, ki riƙe aswaki da buroshi mai laushi da man goge baki mai fuloraid, safe da dare. In kin sha tsami ki kurkure da ruwa, ki dakata kamar rabin awa kafin ki goge. In launin haƙorinki yana damunki, je ki likita ya duba dalili, domin wani rinin daga ruwan sha ne ko maganin da aka sha a yarinta, dirza ba ta fitar da shi. Biki kwana bakwai ne, haƙori kuwa da shi za ki ci tuwo har tsufa. Allah ya bar mu da lafiyarmu.