Liyari a Ƙasar Gumel: Kuɗin Ajiya, Kuɗin Fatauci

Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Gumel a 1851, ya tarar da gari mai babbar kasuwar kanwa a kan hanyar Kano zuwa Kukawa. A lokacin, wuri ne kuɗin cefane, amma ina ganin dukiyar fataken wannan hanya a azurfa take, wato liyari, dalar Sarauniya Mariya Taresa ta ƙasar Ostiriya. Nauyinta giram 28 ne, fiye da kashi 80 cikin 100 azurfa, kuma duk wadda aka buga bayan rasuwar sarauniyar shekarar 1780 take ɗauke da ita. Saboda kamanninta ba sa canzawa, Bahaushe da Babarbare da Balaraben Tarabulus duk sun yarda da ita.

Wani zai ce liyari kayan masu hannu da shuni ne, bai shafi manomin Ɗanzomo ko makiyayin Maigatari ba. Da gaskiyarsa wajen sayen gero da manja. Sai dai a Kano ta wancan zamani dala ɗaya wuri 2,500 ce, don haka kuɗin doki a wuri kaya ne na jaki, ga shi darajar wuri sai zubewa take har ƙarshen ƙarnin. Azurfa kuwa tana shiga kamfai. Kuma ta isa gidan talaka ta hannun maƙeran fari, waɗanda ke narka ta su ƙera mundaye da zobba da ƙwandage na amare. In fari ya yi tsanani, mace ta cire munduwarta ta kai kasuwa, a auna, ta koma gida da hatsi.