Ba fitilar Florence Nightingale ce ta ceci sojoji ba

1/ Duk wanda ya ji sunan Florence Nightingale, hoton mace riƙe da fitila tana zagaya marasa lafiya da dare yake tunawa. Amma abin da ta bar wa aikin jinya ya fi alaƙa da taga da kwata. Ku biyo ni 🧵

2/ Nuwamba 1854, ana tsaka da yaƙin Kirimiya, ta isa asibitin sojan Birtaniya da ke Scutari, a Istanbul ta yau, da ma'aikatan jinya 38. Tsohon bariki ne aka cusa majinyata kamar kifin gwangwani. Kwalara, taifot da atini sun fi harsashi kisa nesa ba kusa ba.

3/ Ta sa aka wanke ɗakuna, aka buɗe wajen wanki, aka gyara abinci. Duk da haka hunturun farko sojoji sama da 4,000 suka mutu a nan. Me ya sa? Ginin a kan toshassun magudanan ƙazanta yake zaune, iskar masai na dawowa cikin ɗakunan.

4/ Sai a Maris 1855 gwamnati ta turo kwamitin tsafta. Suka yashe magudanan, suka gyara hanyar iska, har mushen doki aka tsamo daga hanyar ruwan asibitin. Cikin 'yan watanni mace-mace suka ragu warwas.

5/ Da ta koma Ingila ta zauna da masanin ƙididdiga William Farr suka bi alƙaluman. Darasin da ta ɗauka shi ne ginin da kansa yana iya kashe majinyaci.

6/ A littafinta Notes on Nursing na 1859 ta lissafa abubuwa biyar da lafiyayyen gida ke buƙata: iska mai kyau, ruwa mai tsafta, magudana mai aiki, tsafta, da haske. Ta ƙara da rage hayaniya, ɗumi da abinci a kan lokaci. A ganinta jiki ne ke warkar da kansa, aikin nas shi ne ta share masa hanya.

7/ Abin mamaki, a lokacin ta yarda cewa gurɓatacciyar iska da wari ne ke haifar da cuta, don ilimin ƙwayoyin cuta bai kankama ba. Bayanin ya kauce, amma maganin ya dace: idan ka kawar da ƙazanta da cunkoso, ka datse wa ƙwayar cuta hanya.

8/ A 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas da ke Landan. Dogayen ɗakunan kwanciya masu tagogi dama da hagu har yau sunanta ake kiran su da shi.

9/ Don haka in nas ta ce 'yan dubiya su ragu, ko a buɗe taga a ɗakin mai tari, ba wulaƙanci ba ne, jama'a. Yana cikin maganin. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.