Kifin da ke yawo a tudu: rayuwarsa da yadda ake kiwonsa a gida

Manoman fadama a Tafoki da sauran yankunan Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa a jihar Katsina sun san gaiwa, kifin da kan shige cikin taɓo idan ruwa ya ƙafe, ya kwanta har damina ta dawo.

Gaiwa tana da huhu, kuma takan rayu watanni a ƙarƙashin busasshiyar ƙasa tana amfani da tsokar jikinta a matsayin abinci. Daga nan ne aka samo zancen nan na cewa gaiwa jikinta take ci.

To amma a kudancin Najeriya, kimanin kilomita 800 daga Faskari, akwai wani kifin da ya fi gaiwa sabawa da tudu. Shi ba ɓuya yake yi ba. A fili yake kiwo, yana tafiya, yana tsalle, har yana hawa saiwoyin itatuwa.

Turawa na kiransa mudskipper, wato mai tsalle a taɓo. Masana kimiyya kuma na kiran nau'in da ke Afirka ta Yamma Periophthalmus barbarus, wanda masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya bayyana a 1766.

Inda yake zaune

Ana samun wannan kifi a gaɓar tekun Atilantika, daga Senegal har zuwa Angola. A Najeriya ya fi yawa a yankin Neja Delta, inda ake cinsa, masunta kuma ke ɗana ƙugiya da shi.

Mazauninsa shi ne inda ruwan kogi ke gauraya da na teku, a ƙarƙashin itatuwan bakin teku da ake kira mangurof. Ruwan wurin bai kai na teku gishiri ba, bai kuma zama ruwan daɗi ba.

Sau biyu a rana teku kan ciko ta rufe wurin, sannan ta janye ta bar shimfiɗar taɓo. A lokacin ne kifin ke fitowa farautar ƙwari, tana da ƙananan ƙaguwa.

Yadda yake numfashi

Tsawonsa kan kai santimita 15 ko fiye. Idanunsa na bisa kansa kamar na kwaɗo, yana kuma dogarawa da fikafikansa na gaba, kamar mai tafiya da sanduna biyu.

Ba shi da huhu irin na gaiwa. Yana shaƙar iska ne ta fatarsa da kuma ta cikin bakinsa da maƙogwaronsa, amma sai idan suna jiƙe. Shi ya sa ake ganinsa yana birgima a taɓo lokaci zuwa lokaci.

Yana kuma ƙifta ido, abin da galibin kifaye ba sa yi. Wani bincike da masana a Amurka suka wallafa a 2023 ya nuna cewa yana yin hakan ne don jiƙa idon, da share shi, da kuma kare shi.

Wannan halitta tasa ita ce ke bayyana dukkan abin da mai kiwonsa ke buƙata: tudu, danshi, ɗumi da ruwa mai ɗan gishiri. Wanda ya jefa shi cikin randa ko tankin tarwaɗa, kifin zai galabaita har ya mutu.

Shirya akwatin gilashi

Akwatin da ya dace shi ne mai faɗi, wanda tsawonsa ya kai santimita 90 zuwa 120. Tsayi ba shi ne abin dubawa ba, faɗin ƙasa shi ne.

Ana tara yashi mai laushi a gefe guda ya yi gangare, ta yadda kimanin rabin akwatin zai zama tudu, rabi ruwa. Zurfin ruwan kada ya wuce santimita 10 zuwa 15.

A kan ajiye duwatsu marasa kaifi da guntayen itace inda kifin zai hau ya huta. Suna kuma zama shinge tsakanin kifayen, domin mazansu mafaɗata ne, kowane na kare yankinsa. Kifi biyu ko uku sun isa akwati ɗaya, kuma gara namijin ya zama ɗaya.

Murfi wajibi ne. Kifin na iya manne wa gilashi ya haura, murfin kuma shi ke riƙe danshi a ciki.

Haɗa ruwan

A kowace lita ta ruwan teku akwai kimanin giram 35 na gishiri. Wannan kifi kuwa giram 8 zuwa 15 a lita sun wadace shi.

Gishirin da ake nufi shi ne wanda aka haɗa musamman don kifayen teku, da ake samu wurin masu sayar da kifin ado a manyan birane. Gishirin miya bai ƙunshi sauran ma'adinan da ke cikin ruwan teku ba. Haka ma kanwa da manda ba sa maye gurbinsa.

Ruwan zartsi da ake samu a wasu rijiyoyin arewa ma ba shi ake nufi ba, domin ma'adinan da ke cikinsa sun bambanta daga rijiya zuwa rijiya.

Idan ruwan famfo ne, sai a sa maganin kawar da sinadarin kulorin kafin a yi amfani da shi. A narkar da gishirin a bokiti tukuna, kada a zuba shi kai tsaye a kan kifi.

Kafin a saka kifin, a bar akwatin da ƙaramin injin tace ruwa yana aiki tsawon mako huɗu zuwa shida, ana ɗan jefa abinci kaɗan. A wannan lokaci ne wasu ƙwayoyin halitta masu amfani ke yaɗuwa, waɗanda ke rage gubar kashin kifi.

Hunturu da bazara

Babbar matsala ga mai kiwonsa a arewa ita ce yanayi. Kifin na son zafi tsakanin digiri 25 zuwa 30 a ma'aunin Salshiyas, da iska mai laima.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, iska kan bushe ƙwarai, dare kuma ya yi sanyi. Sai an rufe akwatin sosai, an sa na'urar ɗumama ruwa, ana kuma yayyafa ruwa a kan yashin.

Da bazara kuwa, lokacin da zafi kan kai digiri 40, sai a kawar da akwatin daga taga da kuma ɗakin kwano marar silin.

Ruwa na saurin ƙafewa a waɗannan watanni, gishiri kuwa ba ya tashi. Don haka da ruwan daɗi ake cike abin da ya ragu. Ruwan gishiri sai a lokacin sauyi, wato kwashe kashi ɗaya cikin huɗu duk mako ko biyu a zuba sabo.

Abinci

Kifin mai cin nama ne, kuma a tudu ya fi son karɓar abincinsa. Gyare, ƙananan fara, shinge, tana da yankakken jatanlande duk yana ci.

A guji ƙwarin da aka kamo a gonar da aka yi wa feshi. A ba shi abin da zai cinye cikin 'yan mintoci sau ɗaya a rana, a kwashe saura kafin ya ruɓe.

Makomar mazauninsa

Da wuya wannan kifi ya hayayyafa a akwati, domin a cikin ramin da ya haƙa a taɓo yake ƙwai. Don haka kusan duk wanda aka gani a kasuwa daga daji aka kamo shi.

Dajin kuwa na cikin matsi. Najeriya ce ke da dajin mangurof mafi girma a Afirka, amma malalar mai da saran itace sun lalata sassansa da dama.

Malalar man da aka yi a Bodo ta jihar Ribas a 2008 ta kashe itatuwa masu yawa. A 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce farfaɗo da ƙasar Ogoni na iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Saboda haka duk kifin da ya mutu a hannun mai kiwo saboda rashin shiri, wani za a sake kamowa daga can. Wanda ba shi da tabbacin lantarki da gishirin da ya dace, gara ya dakata har sai ya tanade su.